Yadda Ake Ɗaura Makarin Iska a Bayan Kujerun Mazda MX-5

Duk wanda ya taɓa sauke rufin mota ya hau babban titi ya san abin da ke biyo baya. Kafin gudu ya kai kilomita 70 hula ta fara rawa a ka, mayafin wadda ke gefe yana neman rufe mata fuska, magana kuma sai da ɗaga murya. Da yawa suna ɗauka iskar gaba ce ke yi musu haka, alhali gilashin gaba ya riga ya tare ta. Wadda ke damun mutum daga baya take zuwa, ta daki ƙeya da wuya.

Ga yadda abin yake. Idan mota na gudu, iska na hawa gilashin gaba ta tsallake kawunan mutanen ciki. A bayan gilashin, wato daidai inda ake zaune, sai matsin iska ya ragu. Wani sashe na iskar da ta wuce sai ya lanƙwaso ƙasa wajen but, ya juyo, ya dawo gaba don ya cike wannan gurbi, kamar yadda ruwan rafi ke kewayo baya idan ya wuce dutse. Shi ya sa hula idan za ta faɗi gaba take yi, wajen sitiyari. Aikin makarin iska shi ne ya tsaya a bayan kujeru ya karya ƙarfin wannan iska mai dawowa. Allo ne mara nauyi, na raga ko na roba mai garai-garai, faɗinsa kusan faɗin cikin motar, tsayinsa kuma ya kai wajen ƙarshen matashin kujera. Kamfanin Mercedes ne ya sa aka san shi sosai, lokacin da ya fito da SL samfurin R129 a 1989. Yanzu da wuya ka ga sabuwar mota mai buɗaɗɗen rufi ba shi.

Na zaɓi Mazda MX-5 ne don ita ce aka fi samu a cikin ƙananan motoci masu kujera biyu. An fara nuna ta a bajekolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989. A Amurka Miata ake ce mata, a Japan kuma da sunan Eunos Roadster ta fara fita, kuma zuwa 2016 an ƙera miliyan ɗaya. Zubin farko, wanda ake kira NA, mai fitilun nan da ke ɗagowa daga bonet, ya yi daga 1989 zuwa 1997, kuma shi ne ya fi buƙatar wannan aiki don yawancinsa ba makari ya fito. Zubi na biyu, NB, daga 1998 zuwa 2005, da dama daga cikinsa sun zo da wani ɗan gajeren allo mai ɗagawa, wanda dogon mutum ba ya jin amfaninsa sosai. Bayanin nan a kan waɗannan biyun yake, amma wanda ke da wata motar daban zai ga mafi yawansa ya shafe shi.

Aikin ba babba ba ne, mai haƙuri zai gama shi da yamma ɗaya. Sai dai wurin da ake yin sa matsattse ne, kuma abubuwa uku ne suka kewaye shi waɗanda ba a wasa da su: tankin mai, notin bel ɗin kujera, da hanyar da rufi ke bi idan yana naɗewa. Duk tsawon bayanin nan saboda su ne.

Raga ko roba

Tun wajen saye ake fara aikin. Na raga ƙyalle ne mai ƙananan huji da aka miƙar a kan firam na alminiyam ko ƙarfe. Ba ya tare iska gaba ɗaya, yana barin kaɗan ta ratsa a hankali, kuma wannan 'yar ratsawar tana taimakawa, don tana rage bambancin matsin da ke tsakanin gaba da bayan allon, sai kaɗawar ta lafa. Da dare ba ya mayar da hasken fitila. Aibinsa shi ne yana ɗan dusashe abin da kake gani a madubin tsakiya, musamman da almuru.

Na roba kuwa idan yana sabo ganin baya ta cikinsa tar yake, kuma ya fi ƙayata mota. Amma da dare fitilun motocin da ke zuwa ta gaba kan haska a jikinsa su dawo cikin madubi, mutum ya yi zaton akwai mota a bayansa. Sannan yana jan ƙura. Ga wanda ke tuƙi a Kano ko Maraɗi ko Katsina lokacin hunturu, wannan ba ƙaramar magana ba ce: da safe ka goge, kafin azahar ya yi fari, idan kuma ka goge shi a bushe yashin da ke cikin ƙurar ya kakkarce shi, cikin 'yan watanni ya zama hazo. A ganina wanda motarsa ke kwana a ƙasa mai ƙura da zafin rana ya ɗauki na raga, ya huta. Wanda zuciyarsa ta riga ta kwanta da na roba, ya nemi mai kauri milimita 5 ko 6, gefunansa a goge suke ba kaifi.

Tambaya ta biyu wajen saye ta fi ta farko muhimmanci: a ina ake ɗaura shi? A bayan kowace kujera ta MX-5 akwai wani tudu na jikin mota inda bel yake fitowa ya hau kafaɗa. Wasu makaran a kan notin bel ɗin da ke saman wannan tudu ake ɗaura ƙafafunsu. Daga 1994, lokacin da aka koma injin lita 1.8, Mazda ta ƙara wani ƙarfe da ya gitta bayan kujeru ya haɗa tudun biyu don ƙarfafa jikin motar, kuma akwai makaran da ke kama wannan ƙarfe ko notinsa. Akwai kuma motocin da masu su suka sa wa ƙarfen kariya mai lanƙwasa a bayan kujeru, su kuma da maɗauri ake ɗaure makarin a jikinsa. Leƙa bayan kujerunka ka ga wanne kake da shi kafin ka biya kuɗi, ka ɗauki hoto ka aika wa mai sayarwa, ka faɗa masa shekarar motar. Idan kana da zaɓi, ɗauki wanda ba ya taɓa notin bel. Idan babu sai shi, ana yi lafiya lau, amma da sharuɗɗan da za su zo a gaba. Ka kuma tabbatar makarin mai kwantawa ne, wato yana da majuyi da zai bari ka kifar da shi idan ba ka buƙata. Kafaffen makari zai hana ka kai hannu bayan kujera.

Inda ba a hudawa

Ɗaga kafet ɗin da ke shimfiɗe a kan dandamalin bayan kujeru, inda rufi ke kwanciya idan an sauke shi. Za ka ga faranti na ƙarfe da aka ɗaure da ƙananan noti. A ƙarƙashinsa tankin man motar yake, da famfonsa da bututunsa. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, shi ya sa ido ke raya wa mutum cewa nan ya dace a huda a kafa ƙafa biyu a gama. Kada ka huda shi, kada ka bari wani ya huda, ko da ɗan sukuru mai cin ƙarfe ne. Idan ka kai motar wajen bakanike ko mai walda, faɗa masa wannan da bakinka tun kafin ya ɗauko injin huji, don wanda ya saba da motocin da tankinsu ke ƙarƙashin kujerar baya ba lallai ya kawo a ransa ba. Walda a cikin motar kuwa babu ita sam. Duk abin da za a yi wa walda a fitar da shi a yi a waje, ya huce, sannan a kawo.

Makarin kirki ba ya buƙatar sabon huji ko ɗaya. Da ramukan da kamfani ya riga ya yi yake aiki.

Kayan da za ka tanada kaɗan ne: saitin soket, sifana mai awon ɗauri, sukundireba mai faɗin baki, tef ɗin awo, tef ɗin takarda irin na masu fenti, tsohon tawul biyu, man kwance tsatsa, da ɗan kwano na zuba noti. Sifana mai awon ɗauri ita ce ba kowa ke da ita ba. Idan aikinka zai taɓa notin bel, aro ta ko ka kai motar inda ake da ita don ɗaurin ƙarshe.

Shirya motar

Ajiye ta a inuwa, a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu. Inuwar ba don jin daɗinka kaɗai ba ce: baƙar roba da ƙarfen da suka sha rana ba sa taɓuwa, kuma wanda hannunsa ke ƙuna gaggawa yake yi.

Buɗe but ka cire wayar batir mai alamar ragi. A NA da NB batir a but yake, ba a bonet ba. Wasu motocin, musamman na baya-bayan nan, bel ɗinsu na da na'urar da ke fizge shi da ƙarfi lokacin haɗari, kuma da jakar iska take aiki tare. Cire batir ka jira 'yan mintoci kafin ka taɓa komai na bel. Idan rediyonka mai neman lambar sirri ne bayan an cire batir, nemo lambar tukuna.

Sauke rufi. A NA tagar baya ta roba ce mai zif, sai ka zuge ta ka kwantar da ita a shimfiɗe kafin ka naɗe rufin, in ba haka ba ta karye a tsakiya. Shimfiɗa mata tawul ɗaya a kai don kada sifana ta faɗo ta karce ta. A NB gilashi ne, ba ruwanka da zif. Tura kujeru biyun gaba iyakarsu, ka kifar da jinginarsu. Amma kafin ka motsa kujerar direba, manna ɗan tef a kan layin da take gudu a kai, daidai inda ka saba ajiye ta. Za ka buƙaci wannan alama nan gaba.

Yanzu fito da makarin daga kwalinsa ka jera komai a kan tawul na biyu. Ware ƙafar dama da ta hagu, don sau da yawa kama suke yi da juna amma lanƙwasarsu ta saɓa. Riƙe makarin da hannu a inda zai zauna, ko wani ya riƙe maka, ka koma baya ka duba. Wannan gwajin na minti biyu ne, kuma a nan ake gane an aiko da wanda ba na motar ba, tun ba a kwance komai ba.

Notin bel

A saman tudun akwai murfin roba da ke rufe kan notin. Naɗe bakin sukundireba da tef, ka zura a gefen murfin, ka ɗaga a hankali kana zagayawa. Robar nan ta haura shekara ashirin tana shan rana, ta bushe, kuma idan ka ɗaga ta gefe ɗaya da ƙarfi haƙoranta karyewa za su yi. Da murfin ya fita, ɗauki hoto kafin ka sa soket.

Gefe ɗaya za ka yi ka gama kafin ka taɓa ɗayan. Ta haka idan ka rikice wajen mayarwa, kana da na kamfani a ɗaya gefen da za ka duba.

Idan notin ya ƙi motsi, ɗiga masa man kwance tsatsa, ka kare ƙyallen bel da tsumma don kada man ya taɓa shi, ka ba shi lokaci. Soket ɗin ya zauna daram a kan notin, kada ka yi amfani da wanda ya ɗan yi masa yawa. Idan ya fara fitowa, tallabe shi da ɗaya hannun, domin ba shi kaɗai zai fito ba. A jikinsa akwai washa, akwai ɗan zoben ƙarfe mai kauri, akwai kuma ƙarfen da bel ke ratsawa. Zoben nan shi ne ke sa a iya ɗaure noti tamau amma ƙarfen bel ya ci gaba da juyawa yana bin kafaɗar mai zama. Zare su gaba ɗaya a jikin notin kamar yadda suke, ka ajiye a kwano ba tare da ka wargaza jerin ba.

Ɗora ƙafar makarin inda takardar da ta zo da shi ta nuna. Galibi a ƙasa take zama, ta kwanta a kan ƙarfen jikin mota, sauran jerin ya hau kanta. Sai ka lura da abu guda: kaurin ƙafar ya cinye wani sashe na tsayin notin. Idan ƙafar siririya ce ba damuwa. Idan mai kauri ce, masu ƙera kayan kirki kan haɗo da noti mai ɗan tsayi, kuma shi za ka sa. Kada ka je kasuwa ka ɗauko wanda ya yi kama da shi. Notin bel a yawancin motoci, har da na Japan, zarensa, wato tsagin da ke zagaye jikinsa, na inci ne, 7/16, wato kusan milimita 11, kuma na ƙarfe mai ƙarfi ne na musamman. Na milimita 10 zai shiga ya yi kamar ya kama alhali bai kama ba, na 12 kuma sai an tilasta shi ya cinye zaren jikin motar. Wannan noti shi zai riƙe nauyin mutum ranar da aka yi karo. Idan na asali ya gajarta kuma ba a ba ka madadinsa na gaske ba, mayar da komai yadda yake ka canja makari.

Fara ɗaura notin da yatsu, ya yi zagaye da dama cikin sauƙi kafin soket ya taɓa shi. Idan ya cije tun zagayen farko, ya hau zare a karkace ne, sai ka kwance ka sake. Matse shi kaɗan yadda ƙafar za ta tsaya amma tana iya gusawa idan ka tura ta. Sannan ka je ɗaya gefen ka yi haka.

Wanda makarinsa na kan ƙarfen gicciye ne aikinsa ya fi wannan sauƙi. Maƙalai biyu ne da ke rungumar ƙarfen. Sa ɗan yankin roba, ko na tsohon tiyub, tsakanin maƙalin da ƙarfen don kada ya zame ko ya ci fenti, ka bar su sako-sako kamar yadda aka faɗa. Mai ƙarfen kariya kuma da maɗaurin Velcro, wato ƙyallen nan mai kama ɗan'uwansa idan an haɗa su, ko igiyar roba mai haƙora zai ɗaure. Ƙura da zafi na kashe kamun Velcro da wuri, saboda haka ka ƙara da baƙar igiyar roba a kusurwoyin ƙasa, ka yanke wutsiyarta daf don kada ta yanki hannu.

Ɗora allon da daidaita shi

Zura allon tsakanin ƙafafun biyu. A wajen juyawarsa akwai washa na roba ko na leda mai tauri, su ne ke ba shi cijewar da zai tsaya a inda ka ajiye shi. Kada ka bar su a kwali don ka ga kamar sun yi yawa. Idan allon roba ne, duk inda noti ya ratsa shi dole a sami washa na roba gaba da baya, kuma hujin ya ɗan fi notin faɗi. Irin wannan roba na buɗewa da zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba, idan aka matse ta ba wurin motsi sai tsaga ta taso daga bakin hujin. Gam ɗin nan da ake ɗiga wa zaren noti don kada ya kwance, kada ya kusanci allon roba, yana sa shi tsattsagewa. Noti mai zoben leda a ciki ya wadatar.

Yanzu awo. Ɗaga gilasan ƙofa biyu har sama. Auna daga gefen allon zuwa gilashin dama, ka auna zuwa na hagu, ka gusa shi har su zo ɗaya. Bar sarari kamar faɗin yatsa biyu a kowane gefe, don jikin motar da ba ta da rufin ƙarfe yana ɗan murɗawa a kan gargada, abin da bai taɓa ba a tsaye zai iya gogawa a tafiya. Buɗe ƙofofi ka rufe ka ga ba abin da ya taɓa.

Mayar da kujerar direba kan alamar tef ɗinka, ka kwantar da jingina yadda kake tuƙi, ka zauna ka danna bayanka da ƙarfi. Matashin kujera bai kamata ya taɓa allon ba. Amma kada ya yi nisa kuma: yadda ya fi kusa da kawuna, haka ya fi aiki, don iskar da ta tsallake samansa ba ta da wurin da za ta sake faɗowa kafin ta wuce ku. A tsaye sak ko ya ɗan karkata gaba kaɗan shi ne daidai. Samansa ya kai kusan tsayin kanka. Idan a wuya ya tsaya, za ka ji sauƙi a kafaɗa amma hula tana nan tana rawa. Duba kuma ƙasa, tsakanin gindin allon da dandamalin baya. Idan akwai babban giɓi, iska za ta kutso ta nan ta bi tsakanin kujeru ta daki gwiwar hannu da ƙugu. Makarai da yawa na zuwa da ƙyallen fata ko leda da ke rufe wannan giɓi, ana maƙala shi a maɓallan da ke bayan kujeru. Sa shi.

Sai gwajin rufi, kuma nan ne nake so ka fi ɓata lokaci. Cire tawul, ka tsaya a wajen motar, ka ɗago rufin a hankali, taki-taki. Idonka na kan ƙarafunan gefe masu naɗewa da sandunan da suka gitta cikin rufin. Tsaya a rabin hanya ka leƙa kusurwoyin sama na allon, nan ne ake yawan samun gogayya. Kai shi har gaba ka kulle maƙullan biyu na saman gilashi. Shiga ciki ka shafa tsakanin saman allon da tamfol ɗin rufi, hannunka ya wuce ba tare da ya matse ba, don a guje rufin yana kaɗawa, kuma kusurwar ƙarfe da ke gogar sa kullum sai ta huda shi. Mai NA ya gwada zuge zif ɗin taga daga ciki. Idan allon ya hana hannu kaiwa, kifar da shi ka ga ko ya ba da hanya. Sauke rufin, ka sake ɗagawa, sau ɗaya allon na tsaye, sau ɗaya yana kwance. Idan ya tabbata cewa sai an kifar da shi rufi ke wucewa, to ka san haka tun yau, ka kuma faɗa wa duk wanda kake ba aron motar.

Sai bayan duk wannan ya yi daidai ake ɗaurin ƙarshe. Notin bel da sifana mai awo za a ɗaure shi, a kan adadin da littafin gyaran motar ya faɗa na shekararta. Riƙe ƙafar makarin da hannu yayin ɗauri don kada ta juya ta ɓata awonka. Gama da ƙananan notin allon, ka matse majuyinsa har ya zama sai ka sa ɗan ƙarfi yake motsi.

Kafin ka mayar da murfin roba, gwada bel. Ƙarfen da yake ratsawa ya juya dama da hagu ba cijewa. Ja bel ɗin a hankali har ƙarshe ka sake shi, ya koma da kansa ba tare da ya maƙale ba. Fizge shi da sauri, ya kulle. Bi ƙyallen da ido ka tabbatar ba inda yake gogar gefen sabuwar ƙafar. Gefen ƙarfe mai kaifi na cin bel a hankali, zare bayan zare. Idan yana gogawa, kwance ka gyara zaman ƙafar, kada ka ce sai wani lokaci. Mayar da murfi, ka haɗa batir, ka kunna mota ka ga fitilar jakar iska ta kama ta mutu kamar yadda ta saba.

A kan titi

Ɗauki wani ya zauna a gefe, shi zai lura, kai ka tuƙa. Ɗaura ɗan zare mai tsayin taƙi a saman matashin kujerarsa. Nemi titi mai sarari, ka fara da allon a kwance, gilasan ƙofa a sama, ka kai kilomita 60 sannan 80. Zaren zai miƙe gaba yana bulala. Tsaya a gefe ka ɗaga allon ka maimaita. Idan aiki ya yi, zaren zai sauko ya riƙa lilo a hankali, kuma za ku ji muryar juna ba tare da ihu ba. A Najeriya iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi mai tagwayen hanya kilomita 100 ne a awa, kuma ba ka buƙatar wuce haka don ka gane amfaninsa.

Gilasan ƙofa rabin aikin ne. Da yawa kan ɗaura makari su sauke gilasai, sannan su ce bai yi komai ba. Idan gilasai na ƙasa, iska ta gefe take shigowa ta zagayo gaban allon, ba abin da zai tare ta. Gilashin gaba, gilasan gefe da makari su ne bango huɗu na wurin zaman, idan ɗaya ya faɗi sauran ba sa iya riƙewa.

Saurari ƙara. Ƙwanƙwasa a kan gargada na nufin wani noti bai ɗauru ba ko firam na taɓa wani abu. Idan allon na sunkuyowa gaba da kansa a guje, majuyinsa ne ke buƙatar ƙarin matsi, kuma wannan sunkuyowar ita ce shaidar daga inda iskar take turowa. Fita da shi da dare ma sau ɗaya a hanyar da ka sani, don idonka ya saba da yadda fitilun baya ke bayyana a madubi ta cikinsa. Bayan mako guda ka sake bin duk notin da soket.

Wanda zai sa a ƙera masa

Ba kowa zai iya jiran kaya daga Turai ko Amurka ba, kuma masu sana'ar hannu a wurare irin su Panteka ta Kaduna suna iya lanƙwasa firam da ya fi wannan wuya. Yanka kwali ka gwada a motar har ya wuce duk gwajin da aka faɗa, na gilashi, na kujera da na rufi, sannan ka kai shi a matsayin samfuri. A yi firam ɗin da siririn bututu mara nauyi, kusurwoyinsa a zagaye, mai ɗinkin kujerun mota ya ɗinka masa baƙar raga mai ƙarfi ya ja ta tamau. Baƙa ta fi fara sauƙin gani ta ciki, don ba ta ɗaukar hasken rana. Sharaɗi ɗaya nake da shi a nan: ƙafar da aka ƙera a gida kada ta shiga ƙarƙashin notin bel. A ɗaura ta a ƙarfen gicciye ko a ƙarfen kariya. Kuma kowa ya sani, makari komai kaurin firam ɗinsa ba ya kare kai idan mota ta kife.

Masu motoci masu kujera huɗu, irin su BMW samfurin E46 mai buɗaɗɗen rufi, nasu daban ne kuma ya fi sauƙi. Allo biyu ne a haɗe, ɗaya ya kwanta ya rufe kujerun baya, ɗaya ya miƙe a bayan na gaba, da 'yan sanduna masu sifirin da ke shiga ramukan da kamfani ya tanada a gefuna. Ba sifana, amma ba mai zama a baya muddin yana nan. Irin waɗannan motoci, da Mercedes SL, suna da ƙarfen kariya da ke fitowa da kansa idan mota za ta kife, na R129 cikin kashi uku bisa goma na daƙiƙa. Kada a ɗaura komai a kan hanyarsa sai abin da kamfanin ya ƙera domin wurin.

Wajen tsafta, raga buroshi mai laushi da ruwan sabulu take so, a bar ta ta bushe a tsaye. Allon roba kuma a fara kwarara masa ruwa ya tafi da ƙurar, sannan a shafa da tsumma mai laushi. Fetur, tina, da ruwan goge gilashi mai amoniya duk suna ƙona shi ya yi fari, kuma ba ya dawowa. Idan yaran wankin mota ne ke wanke maka, kifar da allon ka ce su bar maka shi.